Damtsen Hakimi

Jatau, siriri kamar karan dawa, ya cika baki a kasuwa wai ya san sirrin ƙarfi. Sai Hakimi ya kira shi.

"Damtsen ɗan kokawa nake so, ba tare da na motsa ba. In ka kasa, ka bar garin nan."

Jatau ya sa aka ɗauko dutsen niƙa.

"Ranka ya daɗe, miƙe hannu ka riƙe."

Nan da nan hannun Hakimi ya kama rawa.

"Ka motsa, ranka ya daɗe. Sharaɗinka ne, kai ka karya."

Hakimi ya ajiye yana haki. "Kai ka taɓa gwadawa?"

"Ni? Ai ko ludayin fura sai na huta kafin ya kai baki."