Lotsewar Ƙofar Hagu

Akwai wani mutum a ƙungiyarmu ta masu harhaɗa ƙananan motocin roba a nan garin Toledo na Amurka, sunansa Delbert. Gaskiya dai mutumin ya iya. Ka ba shi kwalin tsohuwar mota mai ƙaton inji, ya haɗa maka ita tsawon tafin hannu, har wayoyin filogi sai ya sa mata. Matsalarsa ɗaya: ya san ya iya, don haka ba ya tambaya.

Abokinmu Marv, wanda shi ma ɗan ƙungiyar ne, ya rasu a farkon bazara. Bayan wata biyu matarsa Loretta ta zo garejin Delbert, da kwalin takalmi a hannu ɗaya, kek ɗin tuffa a ɗayan.

A cikin kwalin akwai 'yar motar roba, shuɗiyar Charger ta 1969, irin motar da Marv ya hau yana saurayi. Ya gama fenti, saura tayoyi da gilasai ajali ya riske shi.

"Delbert, ƙarasa min ita," in ji ta. "Ita ce abu na ƙarshe da hannunsa ya taɓa. Ina so in ajiye ta kusa da hotonsa."

"Haba Loretta, wannan ai ƙaramin aiki ne. Ajiye kek ɗin ki tafi abinki."

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, ya riga ya juya yana neman gam.

Da ya sa motar ƙarƙashin fitila, sai ya ga ƙofar hagu ta lotsa, fentin wurin ma ya ɗan fi sauran duhu. Ya girgiza kai. "Kai Marv! Shekara talatin kana wannan aiki, har yanzu kana barin roba kusa da wuta?"

Ya ɗumama ƙofar, ya turo ta daga ciki, ya goge da samfefa, ya fesa sabon fenti. Ta fito sumul sai sheƙi take. Har kira na ya yi, wai in zo in ga yadda ya rufa wa marigayi asiri.

Ina wurin Loretta ta dawo. Ta ɗauki motar, ta juya gefen hagu.

"Ina lotsewar?"

"Na gyara mana. Ba sai kin gode ba."

Ta nemi kujera ta zauna a hankali. "Ni na lotsa ƙofar motarsa ta gaske, Delbert. Ranar da yake koya min tuƙi na goga ta da akwatin wasiƙun babana. Ina kuka yana dariya, ya ce tunda na lalata masa mota sai dai in aure shi. Fenti kawai ya shafa, bai taɓa gyara ta ba har ya sayar. Mako guda ya yi da cokali mai zafi yana lotsa robar nan, don ta yi daidai da wadda ke tsohon hotonmu."

Wallahi ni da ban taɓa motar ba ma sai da kunya ta kama ni.

Delbert ya roƙi tsohon hoton. Mako biyu ya yi yana gwaji a kan tsofaffin ƙofofi, ya ƙona bakwai kafin ya yarda ya kai cokalin jikin ta Marv. Muka kai mata tare.

Ta daɗe tana shafa wurin da yatsa. "Ta yi kama sosai. Na gode, Delbert, ka yi ƙoƙari," in ji ta. "Sai dai wannan hannunka ne, ba nasa ba."

Har yau motar tana kusa da hoton Marv. Loretta ta juya gefen hagun yana kallon bango.

Darasi: Ba duk tabon da ka gani ne kuskure ba, wani tabon shi ne dukiyar mai shi. Komai gwanintarka, tambayi mai abu kafin ka gyara masa, don akwai gyaran da ɓarna ne. Ku tura wa gwanayen da kuka sani, ko Allah zai sa su riƙa tambaya.