Kwalbar Man Gwiwa

An yi wani mutum a wani ƙauye kusa da garin Gradačac, mai gonar fulam, 'ya'yan itacen nan masu zaƙi. Ba zan faɗi sunansa ba, ko da yake rabinku kun sha kofi a gidansa.

Duk kaka yakan kafa tukunyar tagulla a bayan gida ya dafa rakija, barasar nan ta fulam. Bai taɓa kiranta giya ba, magani yake cewa. Sallar Juma'a kuwa ba ta wuce shi, a sahun gaba ma yake zama yana gyaɗa mini kai. Shekara ashirin ina zaton wa'azina ke shigarsa, ashe gyangyaɗi yake.

Ɗansa ɗaya, Elvedin, ya samu jami'a a Tuzla. Sati biyu da tafiya yaron ya bugo waya. Ya ce manyan ɗalibai za su yi wa sababbi liyafar maraba, kowa zai kawo rakijar gidansu, kuma suna tsokanarsa wai ɗan ƙauye ne mai shan madara. Abin ya sosa wa uban rai ƙwarai. Ɗansa za a raina, alhali duk yankin babu mai hannunsa?

Ya ce zai aika masa da tasa, matarsa Hasnija ta roƙe shi ya bari. Ya ce mata doka ta ce shekara sha takwas, yaro kuwa ya cika har da wata huɗu.

Ta ce, "Malam, a wace aya ka ga sha takwas ɗin?"

Ya ce ta je ta naɗe wa yaro burodi da cuku, ta bar maza da harkar maza.

Ya 'yan uwa, kun san yadda muke. Ba ma liƙa wa kwalba suna. A robar ruwa muke ɗura komai, mu jera a rumbu. Kun kuma san ɗigon farko da ke fita daga tukunya guba ne, zubarwa ake yi. Shi ba ya zubarwa. Yakan tara shi don shafa wa gwiwa lokacin sanyi, a roba iri ɗaya da sauran.

Da safe yana sauri kada motar Tuzla ta tashi, ya zari roba biyu a rumbu bai duba ba, ya miƙa wa direba.

A wurin liyafar aka ce mai kaya shi zai buɗe, kofi cike, numfashi ɗaya. Elvedin ya shanye, aka tafa, ya ƙara. Sauran suka kurɓa suka tofar, suka ce ta babansa ta cika zafi. Don ya kare sunan babansa ya ci gaba shi kaɗai.

Washegari ya ce yana ganin hazo. Uban ya yi dariya a waya, ya ce ya sha ruwan kabeji mai tsami ya kwanta, haka kowa ya fara. Sai a kwana na uku aka kai shi asibiti. An ceci ransa. Idanun sun tafi.

Yanzu uban ne ke riƙo hannunsa zuwa masallaci, suna zama can baya.

To, me kuke so in ƙara? Doka ta yanka shekaru don ta san wanda za ta kama, ba ta ce daga ranar abin ya zama halal ba. Mu ne muke koya wa yaranmu cewa namiji sai da kofin giya, sannan mu tura su gari mu ce Allah ya tsare. Na san wasunku tukunyarsu na kan wuta yanzu haka, tun daga mumbari nake jin ƙamshin.

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu daga abin da hannunmu ke aika musu. Amin.