Kurege Mai Rabon Muƙamai

Ranar Litinin da hantsi Kurege ya iso bakin rumbun gyaɗa na Dajin Marke, cikinsa na kuka kamar kwaɗon fadama. Rumbun na manyan dawa uku ne: Toron Giwa, da Ɓauna, da Gadu. Tare suka yi noma, tare suke gadi, kuma kowace safiya sai sun leƙa ciki su ukun sun ga abincin da zai kai su damina. Babu ta inda ɓarawo zai shiga.

Kurege ya tsinci wani jan tsumma ya ɗaura a wuya, ya ce taye ne. Ya tsaya gabansu ya yi gyaran murya, ya tambaya wane ne Ciyaman a nan. Suka dubi juna. Toron Giwa ya ce su dai sunan da iyayensu suka raɗa musu suke amsawa.

"Ashsha," in ji Kurege. "Dukiya haka, babu Ciyaman, babu Manaja? Ni Kurege, na shekara a ƙarƙashin teburin ofis a birni, duk Turancin da ya faɗo ƙasa ni na tsince shi. A can ko mai sayar da ruwan sanyi yana da Darakta."

Kunya ta kama su. Nan take ya yi rabo: Toron Giwa ya zama Ciyaman, Ɓauna ta zama Janar Manaja, Gadu ya zama Cif Sikiyoriti. Babu wanda ya tambayi ma'anar sunansa, don kada a ce shi ɗan ƙauye ne. Kurege kuwa ya sunkuyar da kai ya ce shi ƙaramin muƙami ya ishe shi, a kira shi Sakatare.

Da gari ya waye ya koya musu dokokin girma. Babba ba ya leƙa rumbu, aikin Sakatare ne. Babba ba ya magana da kowa sai ta bakin Sakatare. Babba ba ya ganin baƙo nan take, sai ya shanya shi, domin tsawon jiran baƙo shi ne tsawon muƙamin mai gida.

Suka karɓa hannu bibbiyu. Kowa ya kama inuwar bishiya ya ce ofishinsa ne. Suna jin tarin juna, amma ko gaisuwa sai an aika Kurege. Kullum yakan kai wa kowa ɗan awon gyaɗa ya ce alawus ne, sannan ya shige rumbu ya miƙe ƙafa yana ɓara yana waƙa:

"Ni Kurege, ƙaramin muƙami, babban tumbi. Su ci suna, in ci gyaɗa."

Duk ranar da Ɓauna ta yi ƙorafin awonta ya ragu, sai ya ƙara mata girma. Daga Janar Manaja ta koma Manajan Darakta, ta kwana da yunwa tana murmushi.

Ana nan, wata rana Ɓauna ta goga bayanta a jikin rumbu, ta ji yana amsawa kamar ganga. Ta aiki Kurege ya gaya wa Ciyaman lallai a duba ciki. Kurege bai ko girgiza ba. Ya ce a birni akwai mai wannan aikin, sunansa Odita, shi ke shiga ya ƙidaya ya faɗi gaskiya, kuma gobe zai gayyato shi. A ransa ya gama shiri: shi ne zai zama Oditan, ya ce rumbu cike yake, a kuma yi masa girkin baƙo.

Da gari ya waye ya yi birgima cikin toka har ya koma fari, ya sanya tabarau na kara da tsohuwar kwat, ya cusa wutsiya a wando. Ya iso yana magana ta hanci.

Gadu ya tarbe shi da ladabi, ya shigar da shi wani tsohon akurkin kaji da suka mayar ɗakin jira, ya rufe, ya kwanta a bakin ƙofa. Odita ya ce sauri yake yi.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri," in ji Gadu. "Ciyaman ba ya ganin kowa sai ta hannun Sakatare, shi kuma bai iso ba. Mu nan mun san doka."

Azahar ta yi, la'asar ta wuce. Ƙwarƙwatar kaji ta samu nama. Toron Giwa kuwa sai kumbura yake don daɗi, yau ga babban baƙon birni a shanye tun safe saboda shi. Sai dai alawus bai zo ba. Su ukun suna zaune suna hararar juna, yunwa na cin su, babu mai kai saƙo.

Ɓauna ce ta gaji. Ta ce watakila barci ya kwashe Sakatare a cikin rumbu, ta je ta sa ƙaho ta ture murfin. Babu Sakatare, babu gyaɗa, sai ɓawo har wuya.

Toron Giwa ya sa hanci ya ɗauko Odita daga akurki don ya zo ya shaida ɓarna. Ƙurar ɓawo ta shiga hancin Toron Giwa, ya yi atishawa guda. Toka ta tashi, tabarau ya yi gabas, kwat ta yi yamma. Sai ga Kurege da jan tayensa, tumbi a gaba.

Toron Giwa ya ɗaga ƙafa.

"Ranka ya daɗe," in ji Kurege, "Ciyaman ba ya dukan kowa da kansa. Sai dai ya sa Sakatare."

Ƙafar ta tsaya a sama. Ciyaman ya shiga tunani, don ba ya son ya zubar da girmansa.

"Ni na yi murabus," in ji Ɓauna, ta ɗebe shi da ƙaho.

Ya faɗo a gaban Gadu, Gadu ya cafki wutsiya. Kurege ya fizge ya bar masa rabin gashin, ya ranta a na kare yana ɗingishi. Sai da ya kai bakin raminsa ya juyo ya gyara taye.

"Ni Kurege, na sayar da iska na sayi rumbu. In kun sake noma ku aiko, akwai sauran sunaye."

Damina na da saura, rumbu ba ko ƙwaya. Ɓauna da Gadu suka koma tonon saiwa. Toron Giwa ya bi su, kuma har aka yi shuka ba ya amsawa sai an ce Ciyaman.