Ranar da Biri Ya Yanke wa Gafiya Wuta

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu sha labari.

A garin dabbobi, Biri ke ba da wutar lantarki, Gafiya kuma ke tura gas ta bututu. Wata rana Gafiya ta wuce Biri ba ta gaishe shi ba, sai ya haye falwaya ya yanke mata wuta.

Injin Gafiya ya tsaya, gas ya ɗauke, wutar gari duk ta mutu. Tuwon Kura ko dahuwa bai yi ba.

Kunkuru ya lallaɓo ya ce, "Malam Biri, injinka me yake sha?"

"Gas."

"Na wa?"

Biri ya sosa ƙeya. Babu gas, babu wutar da zai mayar mata; dole ya gangara ramin Gafiya, ya yini yana murza injinta da hannu.

Gafiya ta leƙo ta ce, "Gaisuwa kake nema? To, sannu da aiki."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ta ƙare.