Takalman Ƙofar Mero

Akwai wani ɗalibi mai suna Sharfaddeen da ke zaune da iyalinsa a hawa na tara na wani bene a unguwar Taman Melati, a ƙasar waje. Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, 2023, da ƙarfe goma saura kwata na safe, lif ya lalace, ya bi matakala. A hawa na bakwai ya tsaya a ƙofar Mero, matar abokin karatunsa Kalilu.

A can, a ƙofa ake barin takalmi. 'Ya'yan Mero biyu ne, amma ya ƙirga takalman yara bakwai.

Hukumar da ta turo su karatu tana biyan kuɗin iyali ne ga wanda matarsa ke zaune a gida. Kalilu yana karɓa. Sharfaddeen kuwa an yanke masa tun da matarsa Walida ta fara koyarwa, albashinta kuma taska ke cinyewa, wato gidan renon da ake kai 'yarsu Rumaisa.

Zuciyarsa ta raya masa cewa Mero reno take yi a ɓoye tana karɓar kuɗi, ta ci nan ta ci can. Ko da aka gyara lif bai bar matakala ba. Kullum sai ya ƙirga.

Da ya yi wa Walida zancen, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Baban Rumaisa, don Allah ka bar maganar nan." Ya ce a ransa ashe har ita an toshe mata baki.

Ya ɗauki hoton takalman ya kai ofishin masu kula da benen. Bayan kwana uku aka liƙa wa Mero takardar gargaɗi, aka hana ta tara yara.

Da yamma ya nuna wa Walida hoton yana murmushi. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗora yatsa a gefe.

"Wannan jan, mai tsinkakken maɗauri, na waye?"

Ya ce ina zai sani.

Ta sunkuya ta cire shi daga ƙafar Rumaisa, ta ajiye a gabansa. Ta gaya masa wata biyu ke nan da taska ta ƙara kuɗi, ita kuma ta cire yarinyar daga can, ta ji nauyin faɗa masa. Mero ce ke riƙe ta, da yaran sauran mata, ko sisi ba ta taɓa karɓa ba.

Walida ta ajiye aiki don ta riƙe Rumaisa. An maido wa Sharfaddeen kuɗin iyalinsa, amma bai taɓa yi wa kowa zancensu ba.

Sauran matan kuwa, Hannatu ta dakatar da karatunta, Zuhra ta mayar da tagwayenta Kano wajen kakarsu. Waɗanda suka rage a ƙofar Mero: takalmin ɗanta Adnan, da na ƙaninsa Al-Amin, da silifas ɗinta.

Darasi: Kafin ka ƙirga takalman ƙofar wani, ka san na ɗanka. Zargi kan rushe inuwar da kai ma kake fakewa a ciki. Ku tura wa 'yan'uwa, ko wani zai tambaya kafin ya kai ƙara.