Ƙofar da Shulan Ta Kulle

Ku matso kusa, ga wata nan ta zo muku daga nesa.

A wani ƙauyen manoman shinkafa a ƙasar Sin, an yi wata mata mai suna Shulan. Bayan ta haifi ɗa na biyu, aka yi mata aikin tsayar da haihuwa, abin da mu nan muke cewa juya mahaifa. A can, mai jego ba ta fita, ba ta taɓa ruwan sanyi. Sai uwar mijinta ta ɗauki aikin nan tamkar wata haihuwa. Ta rufe tagogi, ta kwashe shimfiɗar ɗanta Deming, mijin Shulan, ta kai ɗakin ajiya, tana ta ƙara wa'adi.

Ciwo ya warke, miji bai dawo ɗakin ba. Shulan ta fara zargi. In ta ji raɗa a tsakar gida, da ita ake. In an kawo romon kaza, sai ta shinshina ta ture. Ta tabbata a ranta an cire ta daga sahun mata, kuma Deming na da wata. Ta ɗaure kayanta don tafiya gidansu, ta kulle ƙofa.

Maƙwabciyarta Guizhi, wadda aka yi wa aikin tuntuni, ta zo bakin ƙofar. Shulan ta ce, "Wa ya aiko ki, Yaya?" Guizhi ta ce, "Buɗe ki ga tabona. Ba abin da ya ragu. Tambayi mijina me ke sa shi makara zuwa gona!" Dariya ta ƙwace wa Shulan, ta buɗe. Amma kayanta na ɗaure.

Malamar asibiti Yanfen ta zo duba ɗinki, ta ga matashin kai ɗaya a kan gado. Sai ta bi Deming har gona. Ashe tsoro yake, wai in ya kusance ta ɗinkin ciki zai farke ta mutu. Yanfen ta zaunar da shi ta warware masa.

Shi kuwa Deming, da bai taɓa musa wa uwarsa ba, ya ɗauko shimfiɗarsa da rana tsaka, ya ratsa tsakar gida uwar na kallo. Ya ce wa matarsa, "Tsoro ne ya hana ni, ba wata ba." Shulan ta daɗe tana kallon idonsa, sannan ta kwance kayanta.

To, jama'a, tsakanin maƙwabciya, malamar asibiti da miji, wa Shulan za ta fara yi wa godiya?