Lambar Lorraine Pelkey

Akwai wani dattijo a wani ƙaramin gari na jihar Minnesota, sunansa Orville Haugen. Tun da matarsa ta rasu ba ya shiga harkar kowa. Aikinsa ɗaya, tara lambobin yabo da jihohi ke ba 'yan sanda da mutanen da suka ceci rai. Ya san tarihin kowace lamba, amma sunan maƙwabcinsa bai sani ba.

Wata Asabar, a wajen gwanjon kayan wani gida, ya samu lambar da ya yi shekara tara yana nema. A bayanta an zana suna: Lorraine Pelkey. Sai dai babu takardar shaidarta, kuma a wurin masu wannan harka lamba marar takarda ba ta cika ba.

Da ya bincika, ashe matar tana raye, tana gidan tsofaffi a bakin tafki. Dangi ne suka sayar da kayanta. Orville ya tafi, ba don Allah ba, don takarda.

Ya same ta zaune a keken guragu tana kallon taga.

"Bawan Allah, ni kake nema ko ɗaki ka ɓata?" in ji ta. "Masu shigowa nan ba sa wuce masu kawo magani."

Ya faɗi abin da ya kawo shi. Ta yi dariya har da tari. Ta ba shi labarin ranar da tana 'yar sanda ta ja ciki a kan ƙanƙarar tafkin da sanyi ya daskarar, ta fizgo yara biyu daga ruwa. Awa biyu tana zuba, kofin da ta sa aka kawo masa har ya huce.

Daga ƙarshe ta zaro takardar daga aljihun tebur ta miƙa masa.

"Riƙe, dattijo. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar Lahadi ka kawo min lambar in taɓa. Ba zan cinye maka ba, haƙoran ma babu."

"Zan kawo," in ji shi.

Lahadi ta zo, Orville ya fara wasiwasi. In ta riƙe ta ƙi saki fa? Ga baje kolin masu tara lambobi ya matso. Ya ce bari a gama tukuna. Kai jama'a, mutum da son kansa! Ya je baje kolin, aka yi ta yaba masa, ya dawo gida babu ko wanda zai ba labari. Sai a lokacin Lorraine ta faɗo masa a rai, kuma wallahi ya ji kewarta.

Bayan mako huɗu ya sa lambar a aljihu ya tafi. Ya tarar an yaye zanen gado, ɗakin wayam.

"Ranar Talata ta cika," in ji ma'aikaciyar jinya. "Kowace Lahadi sai ta sa mun saka mata shuɗiyar rigarta tun da safe. Wai akwai mai zuwa, tana so a samu inda za a maƙala mata lamba. Baba, kai ɗan'uwanta ne?"

Orville ya zaro lambar daga aljihu.

"A'a," ya ce, hawaye na zubo masa. "Ni ne wanda take jira."

Darasi: Kada kayan mutum su fi mutumin daraja a idonka, kuma in ka yi wa tsoho alƙawarin ziyara, je tun yana nan. Ku tura wa wani, wataƙila shi ma akwai mai jiransa.